Yadda ake zuwa Timia da ruwan zafin Tafadek a duwatsun Abzin

Yawancinmu mun san Abzin, yankin duwatsu na arewacin Nijar, ta bakin kasuwa ne: kantun gishirin da ayari ke saukewa, cuku, dabino, da albasar Agadas. Kaɗan ne suka taka ƙafa suka ga duwatsun da waɗannan kaya ke fitowa. Na yi wannan tafiya sau da yawa, wani lokaci ni da abokai, wani lokaci na raka dattijon da ciwon gwiwa ya hana shi sujada zuwa ruwan Tafadek. Kullum abu ɗaya nake fara gaya wa mai shirin zuwa: Abzin ba a shigarsa sai da ɗan gari. Motarka da kuɗinka da ƙarfin ƙafarka duk suna bayan wannan. Ga yadda nake tsara tafiyar, ta kwana bakwai zuwa goma daga Agadas a koma Agadas.

Kayan da za ka tanada

Takardu: fasfo ko katin shaidar ɗan ƙasa mai kyau, da katin allurar shawara in daga wata ƙasa ka fito. Nijar ta fice daga ECOWAS a watan Janairun 2025, don haka kada ka dogara da abin da aka saba a da. Ka tambayi wanda ya ƙetare iyaka cikin makon nan abin da ake nema. Ka yi kwafin kowace takarda guda uku.

Kuɗi: sefa a hannu, kuma canji ƙanana. Bayan Agadas kada ka sa ran banki. Ɗan Nijeriya ya kula da lissafi: a Nijar da dala ake ƙirga, dala ɗaya sefa 5 ce. In an ce maka dala ashirin, sefa 100 ake nufi. Dala ɗari sefa 500. Jikka sefa 1000. Na ga wanda ya yi ta gardama da mai shayi saboda rashin sanin wannan.

Sutura: rigar sanyi mai kauri, bargo biyu, safa, hular sanyi, da rawani ko mayafi mai tsawo. Rawanin nan shi ne maganin ƙura da rana da iskar asuba gaba ɗaya. Takalmi sau-ciki mai tauri a ƙasa, wanda ƙafarka ta riga ta saba da shi. Sabon takalmi a kan dutse kanta ce da ƙuje tun ranar farko. In ba ka da na hawan dutse, tsohon kambas da safa biyu ya wadatar. Silifas na wurin wanka ne kawai.

Sauran: gorar ruwa mai cin lita biyu ko fiye, buta, tabarma, tocila, abin cajin waya na aljihu, man kaɗe don fasau, ƙullin gishiri da sukari na zawo, maganin ciwon kai, bandeji, da duk maganin da likita ya ɗora ka a kai, da rarar kwana biyar. Sai tsaraba ga masu masauki: ganyen shayi, sukari, goro. Wannan kada a manta da shi.

1. Zaɓi lokaci

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu shi ne lokacin. Rana tana da sauƙi, lambunan Timia cike da lemo, hanya a bushe. Sai dai daren duwatsu a Disamba da Janairu sanyi ne wanda bai yi kama da hunturun Kano ba. Ruwan buta sai ya gagari hannu da asuba.

Kada ka je da bazara, Afrilu zuwa Yuni, dutse yakan yi zafin da ba ya taɓuwa. Damina kuwa, Yuli zuwa Satumba, hatsarinta kori ne, wato ƙoramar yashi da take a bushe yawancin shekara. Ana iya yin ruwa a can saman duwatsu, inda kake ko gajimare babu, sai ka ji ƙugi, kafin ka ankara kori ya cika. Mun taɓa kwana a bakin wani kori muna jiran ruwa ya janye, direbanmu ya ƙi shiga duk da magiyar fasinja. Da gari ya waye muka ga kututturan goriba da ruwan ya kwaso ya watsar a inda mota za ta bi. Ko da rani ne, ba a shimfiɗa a kwana cikin kori.

2. Nemi jagora, ka binciki hanya

Kafin ka sayi tikitin mota, ka samu mutumin Abzin da zai tsaya maka. Hanya mafi kyau ita ce ta sanayya: 'yan kasuwar albasa da tafarnuwa, masu kawo gishiri, maƙeran azurfa, Buzayen unguwarku. Kusan kowane babban garin Hausa akwai wanda ke da dangi a Timia ko Tabelot. Mutanen Timia Kel Ewey ne, wani reshe na Buzaye, waɗanda tun kaka da kakanni suke kai ayari Bilma da Fashi su ɗauko gishiri da dabino, su gangaro Damagaram da ƙasar Kano su koma da gero. Saboda haka mazansu da yawa suna jin Hausa sarai. In ba ka da kowa, ka je wurin kamfanonin yawon buɗe ido masu rajista a Agadas, ka ce a haɗa ka da jagora haifaffen yankin da za ka.

Maganar tsaro ba ta wasa ba ce. Akwai 'yan fashi a wasu hanyoyin, musamman tun da haƙar zinariya ta buɗe a arewa, kuma a 2025 an sace Turawa a cikin garin Agadas kansa. Baƙi daga ƙasashen nesa ba a barinsu su fita sai da rakiyar soja. Kai ma, ko baƙin fata ne mai jin Hausa, ka sanar da jandarma inda za ka da ranar dawowa. Tawayen 2007 zuwa 2009 ya bar nakiyoyi a wasu sassan duwatsun, shi ya sa ba a sauka daga kan sawun da motoci ke bi don yanke. In jagoranka ya ce a dakata, a dakata. In hanyar ta ƙi daɗi a shekarar, ka ɗage. Mai neman ruwan ɗumi ya je Wikki a Yankari ta jihar Bauchi, mai neman dutse da sanyi ya nufi Gembu a tsaunin Mambila. Abzin yana nan.

3. Isa Agadas, ka kwana biyu

Daga Kano ana bi ta Daura da Kwangwalam zuwa Matamai da Damagaram, sannan Tanut, Adarbisinat, Agadas. Daga Damagaram kimanin kilomita 450 ne. Mutanen Sakkwato da Ƙonni su bi ta Tawa da Abalak. Manyan motocin safa suna tashi tun kafin asuba, sai ka yanki tikiti tun jiya.

Kada ka sauka yau ka wuce gobe. Jiki na bukatar hutu, kuma a nan ake kammala sayayya: shinkafa, taliya, mai, garin alkama, gawayi, ruwan jarka. Ka je tsohon gari ka ga babban masallaci da hasumiyarsa ta laka mai tsawon mita 27, wadda asalinta tun ƙarni na 16, da fadar Sarkin Abzin a gefensa. UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya a 2013. Ka kira gida daga nan ka ce za a iya kwana biyu ba a same ka ba, don waya a duwatsu sai inda ta ga dama.

4. Mota zuwa Timia

Timia tana arewa maso gabas da Agadas, kusan kilomita 220, ta Dabaga da Elmeki. Kada adadin ya ruɗe ka. Hanyar dutse ce da yashi, ka ware mata yini guda. Mota sai mai jan ƙafa huɗu, wadda a can ake kira kat-kat. Kafin ka biya, ka duba da idonka: tayar safaya biyu, jak, shebur, jarkar mai, jarkar ruwa. Ku yi ciniki a fili a kan wa zai sayi mai, wa zai ciyar da direba, da kuɗin kwanakin jira. Rashin yin wannan magana tun farko shi ke ɓata zumunci a tsakiyar daji.

In shatar mota ta fi ƙarfinka, akwai motocin da ke sauke lemo da albasa a Agadas su koma da kaya da fasinja. Suna da araha, amma ba su da ranar tashi tsayayya, kuma zama ne a kan buhu. Ga saurayi ba laifi. Ga tsoho ko mace mai goyo ban ba da shawara ba.

A tashi bayan sallar asuba, a isa kafin magariba. Ba a tafiyar dare.

5. Sauka da gaisuwa

Timia gari ne a cikin kwari, duwatsu baƙaƙe sun kewaye shi, kori ya ratsa, lambuna kore shar a gefe da gefe. Bayan yini guda na ƙura da dutse, idonka sai ya ƙi yarda. Jagoranka zai kai ka masauki, ko gidan baƙi ko gidan danginsa. Abu na farko, ku je gaida mai gari da limami, ka miƙa tsarabarka. Ka koyi kalmomi uku na Tamajak, harshen Buzaye: oyiwan, sannu ke nan, alher ghas, sai alheri, tanemmert, na gode. Aman shi ne ruwa. Ko da Hausa za a ci gaba da hira, waɗannan ukun suna buɗe fuska.

Kada ka ɗauki hoton mace ko na gida ba izini. Kada ka nemi namiji ya sauke rawaninsa daga baki. A wurinsu wannan mutunci ne. Kuma kada ka tsinki ko lemo ɗaya da kanka. Mai lambu zai ba ka fiye da abin da za ka iya ɗauka, amma shi zai miƙo.

6. Tafiyar ƙafa, daga ƙarama zuwa babba

Kuskuren da baƙi suka fi yi shi ne su fara da dutse mafi tsawo ranar farko. Mutumin da ya saba da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, cinyarsa ba ta san hawa ba, gwiwarsa ba ta san gangara ba.

Ranar farko ka zaga lambuna kawai. Ka tsaya ka kalli yadda ake ban-ruwa: a wasu rijiyoyin har yanzu raƙumi ko sa ne ke jan guga, yaro na kora shi gaba ya dawo da shi, gugan ya tuntsure a kan kwararon itace, ruwa ya bi ƙananan hanyoyi zuwa fangali, mai lambu na buɗe wannan da fartanya yana toshe wancan. Da yawa yanzu sun koma injin. A ƙarƙashin dabino za ka ga lemon zaƙi, rumman, inabi, ɓaure, a ƙasa kuma alkama da tafarnuwa da albasa. Da la'asar ka hau tudun da tsohon barikin Faransawa yake, wanda ake kira Fort Massu. Hawan bai da tsawo, kuma daga can garin duka yana tafin hannunka.

Rana ta biyu ka je magangarar ruwa, 'yan kilomitoci daga gari, inda ruwa ke zubowa daga baƙin dutse cikin wani gurbi mai sanyi. Yawan ruwan ya danganta da daminar shekarar. Kada ka yi tsalle ciki, ba ka san inda dutse yake a ƙasa ba, kuma kada ka sa sabulu, dabbobi da mutane na sha.

Daga rana ta uku sai doguwar tafiya. Ku fita da sassafe, ku huta daga hantsi ya yi zafi har bayan azahar, ku dawo kafin duhu. Ka riƙa kurɓar ruwa tun kafin ƙishi ya zo. Iskar wurin busasshiya ce, gumi na bushewa ba ka sani ba. In fitsarinka ya yi ja, ko kai ya fara sara, ka zauna a inuwa ka sha ruwan gishiri da sukari. Taka inda jagora ya taka. Kada ka cusa hannu a ramin dutse, kuma kowace safiya ka zazzage takalmi saboda kunama. A gangara ne ake faɗuwa: gajeren taku, jiki a ɗan karkace, sanda a hannu. In ba ka zo da sanda ba, a sara maka ɗaya a gari.

Mai mota da lokaci ya ƙara gaba zuwa kufan Asode a hanyar Iferwan, tsohon birnin Abzin da ya mutu ya bar bangayen dutse. Kada ka ɗauki ko katanga ɗaya ta tukunya daga wurin.

Dutsen Bagzan kuwa, inda ƙololuwar Idukal-n-Taghes take, mita 2,022, wuri mafi tsawo a Nijar, tafiya ce ta daban. Ta wajen Tabelot aka fi hawansa, da ƙafa, jakuna na ɗauke da kaya, kuma akwai ƙauyuka da lambuna a samansa. Yana cin kwana uku ko fiye. Ban so mutum ya haɗa shi da zuwansa na farko.

7. Abinci

Abin da za ka fara nema shi ne tagella, burodin da ake gasawa cikin yashi. Ka roƙi jagora ya yi ta a gabanka a daji. Zai hura wuta a kan yashi mai tsabta, ya kwaɓa garin alkama da ruwa da gishiri, ya murza har ya yi danƙo, ya faɗaɗa shi kamar faifai mai kauri. In itacen ya zama garwashi sai ya ture shi gefe, ya buɗe yashin da ya yi zafi, ya kwantar da ƙullin, ya mayar da yashi da garwashi a kai. Can ya tone ya juya. Yana ƙwanƙwasawa da ɗan itace, da sautin yake gane ta nuna. Sai ya kakkaɓe, ya kankare da wuƙa, ya ɗauraye da ruwa kaɗan, a gutsuttsura cikin akushi a zuba miyar tumatir da albasa, ko man shanu. In an yi ta daidai ba za ka tauna yashi ko ƙwaya ɗaya ba.

Sai furarsu, wadda suke kira eghajira: gero da cuku da dabino a daka tare, a dama da ruwa. Ludayi kaɗan ya riƙe ka har yamma, ita ce guzurin ayari. Akwai tuwon gero da nono, da naman akuya in an yi baƙo. Shayi kuwa zagaye uku ne, na farko da ɗaci, na ƙarshe da zaƙi. Kada ka sha na farko ka miƙe, rashin ladabi ne. In ba ka son mai ƙarfi, ka faɗa tun ana ɗora buta.

Hattara biyu. Madarar raƙumi tana sakin cikin wanda bai saba ba, ka fara da kurɓi kaɗan, kuma ba ranar da za ka shiga mota ba. Tafasasshiya ta fi aminci. Ruwan gurbi kuma a tafasa kafin a sha. In an yanka maka dabba, ka sani an yi maka babban abu. Ka rama da alheri ta hannun jagora, kada ka zaro kuɗi a gaban jama'a kamar mai biyan kuɗin tuwo.

Tsarabar komawa: cuku busasshe, dabino, tafarnuwa, rumman, da lemo. Ka saya daga hannun mai lambu, kada ka matse shi a ciniki, ka riga ka ga hanyar da kayansa ke bi kafin su kai kasuwa.

8. Tafadek a ƙarshe

Ni kullum Tafadek nake bari ƙarshe, lokacin da cinya ta yi tsami, ƙafa ta faso. Wurin yana arewa da Agadas, ta wajen Cirozerin, bai kai kilomita 100 ba. Ya danganta da halin hanya, direba zai ce ko a ratse daga hanyar dawowa, ko a koma Agadas a kwana a fito. Ruwan yana fitowa da zafinsa daga ƙarƙashin dutse: ruwan sama ne ke nutsewa ta tsagogin dutse zuwa can ƙasa inda ake da zafi, ya ɗumama ya taso. An yi ɗakunan wanka, maza daban mata daban. Za ka tarar da mutane daga nesa, masu sanyin ƙashi da ciwon gaɓoɓi da ƙaiƙayin fata, wasu sun yi kwanaki. Ka zo da abincinka da shimfiɗarka, kada ka dogara da samu a can.

Yadda ake shiga: ka sha ruwa sosai tukuna, kuma kada ciki ya zama fam ko wayam. Ka gwada da hannu, sannan ƙafa, ka zauna a baki ka riƙa watsa wa jiki, sannan ka sauka a hankali zuwa ƙugu. Karon farko minti biyar ya isa. Ko ka saba kada ka wuce minti goma zuwa sha biyar. Kada ka nutsar da kai, kada ruwan ya shiga hanci. Da ka ji jiri ko zuciya na bugawa da sauri, fito. Wajen fitowa ma a hankali, don zafi na buɗe jijiyoyin jini, in ka miƙe zumbur sai duhu ya rufe ido. Na ga wani ƙaƙƙarfan saurayi ya daɗe a ciki don a ce ya jure, yana fitowa ya zube, goshinsa ya daki dutse. Shi ya sa ba a shiga ba tare da wani a kusa ba.

Bayan fitowa ka lulluɓe da bargo, ka kwanta a inda ba iska, ka sha ruwa ko shayi marar ƙarfi. Safe da yamma, sau biyu a yini, ya wadatar.

Mace mai ciki, mai ciwon zuciya, mai hawan jinin da bai daidaita ba, mai farfaɗiya, da mai buɗaɗɗen miki, kada su shiga sai likita ya yarda. Mai ciwon sukari da ƙafarsa ta daina jin zafi yana iya ƙonewa bai sani ba, sai wani ya gwada masa ruwan. Yara ƙanana a ɗiba a buta a surka musu. Ruwan yana sassauta ciwon gaɓoɓi, na gani da idona: dattijon da na raka, Baba nake ce masa, a kwana na huɗu ya yi sallar magariba a tsaye, ya juyo ya ce mini, "Yaro, yau na kai goshi ƙasa." Amma da muka koma gida ya ci gaba da shan maganinsa na asibiti, kai ma kada ka ajiye naka.

Ranar tashi ka kwashe ledarka da gwangwaninka ka koma da su Agadas, ka sallami mai kula da wurin, ka biya jagora da direba cikakke a gaban juna. Kada ka yi wankan ƙarshe ka faɗa mota nan take da jiƙaƙƙen jiki. Ka ba kanka sa'a guda, ka naɗa rawani, sannan a tashi.